Ƙullin da ke Bakin Jar Waya

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya san abin da ke cikin jakar kowa tun ba a buɗe ta ba. Fasto, dattawa, iyayena mata na zumunta, na gode da kuka ba ni wannan fili.

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Luka, mai gyaran wuta. Gidaje da yawa daga nan har bakin Makoda, hannuna ya taɓa wayarsu. Wannan guntuwar wayar da kuke gani a hannuna kuma, ku bar ta tukuna, zan zo kanta.

Abin da zan faɗa yau, a da na gwammace a sa ni noman gona uku ba ruwan sha da in faɗe shi. Idona ba ya raba ja da kore. Haka aka haife ni. Na ga wasu a baya suna kallon juna. Eh, ni ɗin nan da na ja muku wuta a ɗakunanku!

Tun ina yaro abin yake. Inna za ta aike ni lambu in tsinko tumatir nunannu, in dawo mata da ɗanye cike da ƙwarya. Ta ce iskanci ne, ta zane ni. Duka biyu na sha, a na uku na koyi dabara: ina latsa tumatir da yatsa, mai laushi shi ne nunanne. Daga ranar na kama bakina, ban faɗa wa kowa ba. Na koyi ɓoyewa tun kafin in koyi karatu.

Da na tasa, aka kai ni Bacirawa, a Kano, koyon wayarin, wato jan wayar wuta a gidaje. Ranar farko maigidanmu ya shimfiɗa waya uku a kan benci. Ya ce, "Ja ita ce mai wuta. Baƙa ita ce ta dawowa. Koriya ta ƙasa ce, a jikin ƙarfe ake ɗaure ta, don in wuta ta ƙwace ta bi ƙasa, kada ta bi mutum. Wanda ya haɗa ja da jikin ƙarfe ya yi kisan kai. Kun gane?"

Kowa ya ce ya gane. Ni ma na ce na gane, da murya sama da ta kowa. Amma ƙarya na yi. Baƙar na gan ta sarai. Sauran biyun kuwa, kamar uwa ɗaya ta haife su rana ɗaya.

A wurin akwai wani da ya riga ni da shekara biyu, Habu, Musulmi ne daga ƙauyen da ke tsallaken rafinmu. Yaya Habu nake ce masa har yau. Mutum ne marar surutu, in ya yi magana goma a yini to ranar ya sha hira. Ban yi sati ba a wurin, sai ya fara yanko min waya da kansa. Zai miƙo min ya ce, "Ungo. Mai ƙulli ita ce mai wuta." In na duba, sai in ga ya yi ɗan ƙulli a kowane baki na guda ɗaya.

Na ɗauka al'adarsa ce kawai. Na ce a raina, kai, Allah ya kashe ya ba ni! Ga wani da tsarabe-tsarabensa sun zame min ido, shi bai ma sani ba.

Muka gama koyo, muka dawo gida, muka haɗa aiki. Babur ɗaya, jaka biyu. Shekara goma sha ɗaya muna tare. Ya yi sallarsa ina tsare masa kaya, ranar Lahadi ya yi aikin shi kaɗai bai taɓa ƙorafi ba. Ranar sunan 'yata Ladi, shi ya kawo kaji.

Sai shekarun nan na tsanani suka shigo. Ba sai na ba ku labari ba, tare muka sha. Kwanon gero ya gagari talaka, fetur ya zama abin kallo, wanda bai ci na rana ba ina zai tuna da ƙwan lantarki? Aiki ya ɗauke. Awakina biyu suka mutu sati ɗaya. Ladi ta kwanta zazzaɓi, ta tashi, ta sake kwanciya. Ni kuma ciwon kai ya sa ni gaba.

Ana cikin haka Gwaggo Tabawa, ƙanwar babana, ta zo duba Ladi. Allah ya jiƙanta, ta karɓi Ubangiji da gaske, amma tsoron da ta taso da shi bai gama sakinta ba. Ta tarar ina zazzage jakata a tsakar gida. Ta ɗauki waya ɗaya, ta juya ta, ta ɗauki wata.

Ta ce, "Luka, wa yake ƙulla maka waɗannan?"

Na ce, "Yaya Habu ne, Gwaggo. Alamar aiki ce."

Ta ce, "Uhm. Nasa ma yana ƙullawa?"

Shekara goma sha ɗaya ban taɓa dubawa ba.

Ta ajiye wayar, ta goge hannunta a zane. Ta ce, "Ni dai a inda na tashi, ba a yi wa mutum ƙulli don ana son sa. Awaki sun tafi, yarinya ta ƙi tashi, kai kana riƙe da kai kullum. Ka dai buɗe idonka."

Washegari da Yaya Habu ya tafi alwala, na buɗe jakarsa. 'Yan'uwa, ko ƙulli ɗaya babu! Wayoyinsa a miƙe suke sumul. Nawa kaɗai yake ƙullawa.

Na san abin da kuke cewa a ranku. Luka, ai amsar tana gabanka! Haka ne. Amma in na yarda da wannan amsar, na yarda ke nan akwai wanda ya san abin da nake ɓoyewa tun ina yaro. Ku ji girman kai irin nawa: na gwammace mutumin nan ya zama maƙiyina da a ce ya san sirrina.

Daga ranar Shaiɗan ya samu kujera a zuciyata, ya miƙe ƙafa. Yaya Habu ya miƙo min fura, in ce na ƙoshi, alhali cikina kuka yake. Ya tambayi jikin Ladi, in ce a raina, me ya sa yake son sani? Ya yi shiru, in ce yana ƙulla wani abu. Ya yi dariya, in ce ya ga aikinsa yana ci. Hatta matata Hannatu, in na ga ta gaisa da matarsa a hanyar kasuwar Ɗanbatta, sai na tsare ta da tambaya, me kika ce mata, me ta ce miki? Na zo nan majami'a na durƙusa ina roƙon Allah ya mayar wa maƙiyina da mugun nufinsa, ina kiran sunan mutumin da bai taɓa min komai ba sai alheri.

A wannan ranin ne rijiyoyi suka ƙafe. Gari ya haɗa kai, Musulmi da Kirista, aka haƙa rijiyar burtsatse a bakin gari, aka kafa tanki a kan ƙafafun ƙarfe, aka samo janareto. Mai gari ya ce ni da Yaya Habu mu ja wuta daga ɗakin janareto zuwa akwatin makunni da ke jikin ƙafar tankin.

Na zagaya na sami Mai gari ni kaɗai. Na ce, "Ranka ya daɗe, aikin nan na mutum ɗaya ne. Kuma gaskiya Habu kwanan nan baƙin ciki yake yi da ni." Ya dube ni, ya ce to, in dai za a yi da kyau.

Duk da haka, ranar aikin da safe sai ga Yaya Habu. Ya ajiye min waya, ya riga ya auna ya yanke. Ya ce, "An ce kai kaɗai za ka yi. Ba komai. Mai ƙulli ita ce mai wuta."

Na zaro filaya a gaban idonsa. Na datse ƙullin wannan baki, na datse na wancan. Na ce, "Ka riƙe ƙulle-ƙullenka, Yaya Habu. Na gane komai."

Ya ce, "Luka, kada ka yi haka."

Na ce, "Tafi!"

Ya tafi.

Na zura wayoyin ta bututun da aka binne a ƙasa. A ɗakin janareto na haɗa, ina ganin daidai. Na zo bakin akwati, ga bakin waya uku sun leƙo. Baƙa na gane ta. Sauran biyun suka tsaya suna kallona. Da akwai wuta, da na sa testa, abin gwada wuta, ta faɗa min. Amma babu ko ɗigon fetur a janareto, sai gobe za a kawo. Na ɗaga su a rana, na karkata kai, na ce wannan ta fi duhu, ita ce ja. Na ɗaure, na rufe akwati, na sa kwaɗo, na jefa mukulli a aljihu. Na ce wa mai kula da janareto, "An gama. In mai ya zo ku tayar kawai, ba sai kun jira ni ba."

Da la'asar mata masu dawowa daga rafi suka ga Yaya Habu yana zagaya akwatin, yana jijjiga kwaɗon. Daga can ya zo ƙofar gidana ya yi sallama. Ina zaune a ɗaki na ce wa Hannatu, "Ce masa ba na nan." Ta dube ni, ta fita ta faɗa. Na ji yana cewa, "Ki ce masa kada a tayar sai an gwada." Da ta dawo da saƙon na yi tsaki. Ya je wurin mai janareto ma, amma maganar baƙin cikin da na shuka ta riga shi isa can.

Washegari da hantsi aka kawo mai. Mutane suka taru da bokitai. Baba Idi, dattijon nan mai gona a gefen rijiyar, ya jawo sansa na huɗa ya ɗaure a ƙafar tankin, yana jiran ruwan farko. Aka tayar da janareto.

Ina kan hanya na ji ihu.

Kafin in isa, san ya faɗi, ya miƙe. Baba Idi ya kai hannu zai kwance igiyar, ya dafa ƙarfen, wuta ta yi jifa da shi gefe. Allah ya sa mai janareto ya kashe da sauri. Baba Idi ya rayu, amma tafin hannunsa ya ƙone, san kuwa ko yanka ba a samu yi ba. Wayyo Allah! Ga damina ta ƙarato, ga dattijo ba sa, ba hannu. Kuma da 'yan mata ne suka riga shi dafa ƙarfen nan fa?

Aka ce in buɗe akwati. Na buɗe. Wani malamin makaranta ya leƙa ya ce, "Kai! Ai ja ce a jikin ƙarfe!"

Idon gari duka ya dawo kaina. Sai na ji bakina yana cewa, "Ba haka na bar shi ba. Ku tambayi mata, wa suka gani jiya yana taɓa akwatin nan?"

Mata suka ce Habu. Wani ya ce ai da kwaɗo. Na ce mai aikin hannu irinsa kwaɗo ba ya tsare shi. Na kawo zancen ƙulli, na ce ya daɗe yana bi na da asiri. Na faɗa, na sake faɗa, har ni kaina na fara yarda.

Mai gari ya ce a zauna ranar Litinin. In ta tabbata Habu ne, za a miƙa shi ga 'yan sanda a Ɗanbatta, kuma ba zai sake taɓa wayar kowa a ƙasar nan ba. Mutum mai 'ya'ya shida, a shekarar da ake ciki.

Bari in faɗi wata gaskiya, kada wani ya ji haushi. Mu Kirista a nan gidajenmu kaɗan ne. Wasu a cikinmu sun ji sanyi da laifin ya faɗa tsallaken rafi, don suna tsoron in Kirista ne ya yi, abin zai shafe mu duka. Ba wanda ya matsa min da tambaya. Shi kuwa Yaya Habu, duk wanda ya tambaye shi sai ya ce, "Ban taɓa ba. Allah ya sani." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Ni kuma shirun nan nasa ma sai na ce wata makida ce.

Ranar Lahadi aka tashi daga sujada, kowa ya watse, ni na kasa tashi daga kan benci. Wancan bencin, na kusa da taga. Na durƙusa zan yi addu'ar da na saba, Allah ka tona asirin maƙiyina. Harshena ya ƙi. Na sake gwadawa, ya ƙi. Sai kuka ya ƙwace min, irin wanda ban yi ba tun rasuwar Inna.

Na ce, "Ya Yesu, na gaji! Na gaji da tsaron bakin kowa da idon kowa. In ni ne, ka nuna min, ko da zai kashe ni."

Ban ji murya daga sama ba, kada in yi muku ƙari. Abu ɗaya ne ya sauko min a zuciya, a hankali, ya ƙi tafiya: ka tambaya. Abin da ban taɓa yi ba tun ina yaro ke nan.

Hannatu tana bakin ƙofa tana jirana. Na buɗe jaka, na ciro ragowar wayar rijiyar guda biyu. Na ɗaga su a hasken taga kamar yadda na yi ranar, na zaɓi wadda zan iya rantsewa ja ce. Na miƙa mata.

Na ce, "Hannatu, wannan wane launi ne?"

Ta ce, "Koriya ce, Baban Ladi."

Na zauna a ƙasa. Na ce, "Kin daɗe da sani?"

Ta ce, "Tun ranar da ka yaba koren zanena na biki. Zanen ja ne." Tana dariya tana hawaye. Sannan ta ce, "Ka tashi. 'Ya'yan Habu ba su yi maka komai ba."

Ranar Litinin gari ya cika ƙofar Mai gari. Ga Baba Idi da hannu a naɗe. Ga Yaya Habu a gefe, kansa a ƙasa. Tun ba a fara ba na miƙe.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙarya na yi. Ba wanda ya taɓa akwatin nan sai ni. Idona ba ya raba ja da kore, tun haihuwa. Ni na kashe san Baba Idi, ni na ƙona masa hannu, na kuma ɗora wa Yaya Habu."

Wuri ya yamutse. Wasu suka ce sabuwar dabara ce, an dai ba ni baki ne. Mai gari ya sa aka kawo barkono daga cikin gida, ɗanye da nunanne, aka zube a tabarma. Ya ce, "Ware min jajayen, kada ka taɓa, nuna da yatsa." Na nuna, ashe ɗanye nake ta nunawa. Tun ban kai na biyar ba, masu dariya suka yi shiru.

Mai gari ya juya ya ce, "Malam Habu, ka san da wannan?"

Ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Tun satinsa na farko a Bacirawa."

"Shi ne ƙullin?"

"Shi ne."

"To don me ba ka faɗa ba, ga shi ana shirin kai ka Ɗanbatta?"

Yaya Habu ya ce, "In na faɗa, wa zai sake ba shi aiki? Yana da iyali. Kuma ba nawa ba ne in faɗa, nasa ne." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma da na san za ta kai ga hannun Baba Idi, da na faɗa ranar a tsakiyar kasuwa. Wannan ni ma ina da nawa."

'Yan'uwa, da ƙasa za ta tsage da na shige. Mutumin da na durƙusa a ɗakin Allah ina roƙon a hallaka shi, shekara goma sha ɗaya yana zame min ido, bai taɓa bari na ji kunya ba.

Aka yanke cewa ni zan noma gonar Baba Idi da hannuna har ya samu wani sa. Damina biyu na yi ina yi, kuma ban ce an zalunce ni ba. Aiki kuwa ya tsaya cak. Wa zai kira mai gyaran wutar da ya kashe sa? Na je gidan Yaya Habu neman gafara, ya ce ya yafe, amma bai ce in zauna ba. Muka shafe wata bakwai, in mun haɗu a hanya gaisuwa ce kawai.

Na je asibiti a Kano. Likita ya ce makantar launi ake ce wa abin, gado ne, ba asiri ba, ba kuma magani. Don haka kada wani ya fita ya ce Luka ya ba da shaidar an buɗe masa ido. Rigar Fasto ma da nake kallo yanzu, ban san launinta ba. Abin da Yesu ya cire min ya fi wannan nauyi. Ya cire min ɓoyo, ya cire min zargi. Yau ina cin abincin mutane, ina barci, matata tana gaisawa da wadda ta ga dama. In aka kira ni aiki, tun a bakin ƙofa nake cewa, ni fa ba na ganin ja, ba na kuma haɗa waya sai na gwada da mita, ko da za a kwana uku ana jiran wuta.

Yanzu ga wayar nan. Wata safiya bayan girbi, Hannatu ta fita shara ta dawo da nannaɗen waya, ta ce a bakin ƙofa ta tsinta. Ba takarda, ba saƙo. Na karɓa, na bi ta da yatsa har baki. Sai na ji ƙulli.

Na leƙa waje. Can ƙarƙashin dalbejiya ga Yaya Habu a kan babur, ya juya min baya kamar ba ni yake jira ba. Ya ce, "Akwai aiki a Makoda. In za ka, ka yi sauri."

Na yanke wannan guntun na ajiye. Ku gan shi. Har gobe ban san launinsa da idona ba, amma na san ja ne.

Na gode wa Ubangiji da bai bar jinin mutum a hannuna ba. Na gode masa da bai bar ni na kai marar laifi kurkuku ba. Kai ɗan'uwa, ke 'yar'uwa, in akwai abin da kake ɓoyewa har ya sa kana ganin kowa maƙiyi, kada ka jira sai sa ya faɗi. Kai shi gaban Yesu da rana tsaka, ka dogara gare shi, zai riƙe ka. Kuma kafin ka datse ƙullin da ka tarar a jakarka, ka tambayi wanda ya ƙulla.

Yabo ya tabbata ga sunan Yesu. Ku taya ni cewa amin!